Rahoton Sista na La'asar

Gidan da nake haya tsohon bene ne, fentinsa ya koɗe har ba a iya cewa ga launin da aka shafa masa da farko. Ni ina ƙasa, ɗaki da falo, ni kaɗai tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa. A samana Sista take da mijinta Direba. Rufin da ya raba mu ba shi da kauri, don haka ba sai na kasa kunne ba. In an ja kujera a sama ina ji. In an dangwarar da kofi ina ji. In an ajiye shi a hankali ma nakan gane an shirya.

Sista ma'aikaciyar jinya ce, ta fi shekara talatin a ɗakin maza na babban asibiti. Gajeruwa ce, tana tafiya kamar ana bin ta, da farin takalmi da ɗan agogo maƙale a ƙirji. Ko ta yi wanka ta shafa turare, in ta gifta sai ka ji ƙanshin sabulun asibiti a bayanta. Bakinta akwai zafi, kowa a layinmu ya sani, amma ba gidan da ba ta shiga da gudu ba ranar tashin hankali. Ranar da maigidana ya faɗi a banɗaki ita ta sauko da ɗankwali a hannu, ta taɓa wuyansa, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yaya, ya riga mu. Zauna." Ba ta yi min kwana-kwana ba. Ta rufe masa ido, ta gyara masa kwanciya, ta kira 'ya'yana a waya ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara yarda a ci namanta a gabana ba.

Shi kuwa Direba doguwar bas yake ja tsakanin garuruwa masu nisa, sai ya yi kwanaki a hanya kafin a gan shi. Dogo ne, sanyi gare shi, ga barkwanci. In ya dawo ya tarar tana aikin kwana, in ta dawo ta tarar ya tafi. A haka suka raini 'ya'yansu, da 'yan takardu da ake liƙawa a ƙofar firij: an sha magani, a biya kuɗin wuta, ƙaramar ba ta ci abinci ba. Sista ta taɓa ce min, "Yaya, in aka tara wunin da ni da mutumin nan muka yi tare ido biyu, ban ce zai cika shekara ba."

Sai ga shi a shekara guda Allah ya zaunar da su duka. Ita lokacinta ya yi, aka yi mata ritaya, aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Shi kuma ciwon sukari ya taɓa masa ido, kamfanin ya karɓe makullin mota. Yara duk sun yi aure sun watse. Aka bar mutum biyu a ɗaki biyu, daga asuba har dare, kowa na kallon kowa kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Sista ba ta san zama ba. Da ta rasa ɗakin maza, sai ta mayar da gidanta asibiti mai gado ɗaya. Ta kulle magungunansa a kabad, makullin a haɓar zaninta. Ita take huda masa yatsa ta auna sukari, ita take masa allura safe da yamma, ita take auna masa shinkafa da ɗan ƙaramin kofi. Shayinsa ba sukari, burodinsa yanka ɗaya. Direba ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya fara sulalewa tasha, ya zauna a benci wurin tsoffin abokan aikinsa, ya sha shayi mai kauri, ya dawo yana goge baki. Ni kuwa ina daga ƙasa ina jin sauran.

"Buɗe bakinka."

"Haba Sista, ni jariri ne?"

"Jariri ya fi ka jin magana. Me ka sha a tasha?"

"Iska na sha."

"Iskar ce ta bar maka madara a gemu?"

"To ki rubuta ki kai wa likita."

Ashe rubutawar take yi. Wata rana bayan sallar la'asar ina zaune a gindin matakala ina tsintar shinkafa, sai ga ta ta sauko da wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Ta zauna a matakala ta sama da ni ta ce, "Yaya, ki taimake ni. Tun ina yarinya ban taɓa tashi daga aiki ba sai na rubuta rahoto, na karanta wa wadda za ta karɓe ni, ta ce ta karɓa. Yanzu ina rubutawa, ba mai karɓa. Wallahi ji nake kamar na yi alwala ban yi salla ba."

Na ce, "Ni da karatuna bai yi nisa ba, me zan karɓa?"

"Ba karatu za ki yi ba. Saurara kawai, in na gama ki ce kin karɓa."

Shi ke nan ya zame mana al'ada. Kullum in an idar da la'asar ta sauko, ta gyara tabarau, ta karanta da wata murya ta daban, marar hawa da sauka: majiyyaci ya tashi lafiya, awon sukari ya hau, ya ƙi karyawa, ya yi taurin kai, ya gudu tasha. Ni kuma in ce, "Na karɓa." Ta rufe littafi ta sauke ajiyar zuciya, sannan mu yi hirar tsadar gawayi.

Ana cikin haka Direba ya yanke shawara. Yana da ƙane mai shagon kayan gyaran mota a wani gari mai nisa, wanda ya daɗe yana ce masa ya zo ya zauna da shi ya riƙa taya shi tsaron shago. Direba ya ce ya amsa, ƙarshen wata za a zo a ɗauke shi. Ban ji ihu a ranar ba. Muryarsa kawai na ji, a natse: "Ban sake ki ba, Sista, kuma ba zan sake ki ba. Amma na gaji da kwanciyar asibiti. Aure na yi, ba gado aka ba ni ba."

Da la'asar ta sauko idonta jawur. Rahoton ranar ya fi kullum tsawo. Ya yi taurin kai, ya yi fushi ba dalili, ya ƙi cin abincin rana, ba ya godiya. Ni dai ban san aikin ba, kuma na ji kalmomin sun yi min nauyi, sai na tambaye ta don in sani.

"Sista, a asibiti ma haka ake rubutawa? A ce mutum ba ya godiya?"

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Can ta ce, "Da shugabarmu ta farko na da rai, da ta yaga wannan takarda ta watsa min a fuska. Cewa take, kada ki rubuta majiyyaci ya yi fushi. Ki rubuta abin da aka yi masa kafin ya yi fushin, da wanda ya yi masa. Abin da ido ya gani, ba abin da zuciya ta raya ba."

Ta ja layi a kan rubutun, ta fara sabo a gabana, tana faɗa tana rubutawa. Da safe famfon kicin yana ɗiga. Majiyyaci ya ɗauko sifana ya durƙusa zai gyara. Ma'aikaciya ta zo ta karɓe sifanar daga hannunsa, ta ce... Nan biro ya tsaya.

"Me na ce, Yaya? Na san kin ji."

Ban so faɗa ba, amma ita ta tambaya. Na ce, "Kin ce makaho ba ya gyaran famfo."

"Ni?"

"Ta rufi na ji."

Ta mayar da biro kan takarda. Sannan ta rubuta kalmar yadda ta faɗe ta, ba ta rage ba, ba ta sassauta ba. Ta rufe littafin ta hau sama, ko jira in ce na karɓa ba ta yi ba.

Washegari ta sauko ta buɗe littafin ta baya. Ta ce, "Yau an kawo sabon majiyyaci." Ta karanta: gado na biyu, mace, ta haura sittin, ta yi ritaya, abin da ke damunta baki da saurin hannu. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga ranar rahoton ya koma kanta. Na Direba ya zama layi biyu, awon sukari da allura, sauran shafin duk nata ne. Abin da ta yi a wunin, abin da ya faru kafin ta yi shi, da abin da ta bar wa Sistar gobe ta lura da shi. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban taɓa ganin wanda ya sauko daga tudun ya tsuguna yana auna shi kullum ba sai ita.

Kuma ba ta yi wa kanta sassauci. In ta ɗaga murya ta rubuta. In ta fizge cokali ta rubuta. In ta haɗiye magana ma ta rubuta, don ta ce majiyyacin da ya samu sauƙi ko kaɗan ne hakkinsa ne a shaida. A hankali ta fara gano abubuwan da ni da nake ƙasa ban gano ba. Ta ce, "Yaya, kin san lokacin da na fi masifa? Da hantsi, daidai lokacin da a da nake zagayen gadaje. Jikina ya shirya, ƙafata na ƙaiƙayi, ba inda za ni. Sai in juyo in ga mutum ɗaya a kujera, in sauke masa aikin gado ashirin."

Wata rana kuma ta karanta wani layi ta kasa ƙarasawa. Ta ce a ɗakin maza ta ga abin da sukari ke yi wa mutane. Magidanta masu ƙarfi, a kawo su da ɗan gyambo a yatsa suna dariya, a fitar da su a keke ba ƙafa. "Duk lokacin da ya ɗaga kofin shayi, su nake gani. Ba ƙinsa nake ba, Yaya. Tsoro nake ji. To ni tsorona da faɗa yake fita." Ta rubuta hakan ma, a ƙarƙashin abin da ke kawo ciwo.

Sai dai Sista ba ta iya ganin ciwo ta bar shi ba magani. Ta zauna ta rubuta wa gado na biyu magani da kanta: a hana ta magana. Ta ce kamar yadda ake hana wanda za a yi wa tiyata ci da sha, haka za ta kame bakinta gaba ɗaya. Kuma ta kame. Sama ta yi tsit. Direba ya dawo daga tasha da madara a gemu, ba ta tanka ba. Ya ƙara shinkafa, ta kawar da kai. Har wata rana ya sayo alewa ya bare a gabanta, ta ce masa, "A ci lafiya." Da la'asar takan sauko da fara'a ta ce majiyyaciyar tana samun sauƙi ƙwarai, yau ko tari ba ta yi masa ba.

Ni dai na lura Direba ya canza. Ya daina barkwanci. Yana saukowa matakala a hankali yana dafa bango, ya rame a fuska. Mai shayin tasha, wanda ɗan'uwan maigidana ne, ya ce min Direba ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Wata safiya ina sharar ƙofa ya tsaya kusa da ni, ya gaishe ni, ya ƙi tafiya.

"Yaya, ke mai tsoron Allah ce. Zan tambaye ki, kada ki ɓoye min."

"Allah ya sa na sani."

"Likita ya gaya wa Sista wani abu a kaina?"

"Kamar me?"

Ya sassauta murya. "Shekara da shekaru tana ba ni labarin asibiti. Ita da bakinta ta ce min, in ka ga sun daina yi wa majiyyaci faɗa, sun bar shi ya ci abin da yake so, suna ce masa sannu, to an gama, jira kawai ake. Yaya, alewa na sha a gabanta ta ce in ci lafiya. Saura nawa?"

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ce masa ban san komai na likita ba, amma zan isar da tambayarsa ga mai ita. Da la'asar Sista na gama rahotonta mai daɗi na gaya mata yadda muka yi. Ta buɗe baki ta kasa rufewa. Sai ta fashe da dariya har littafin ya faɗi, tana cikin dariyar hawaye suka zo, ta kife fuska a cinya. Da ta natsu ta ɗauki biro ta rubuta: maganin ya fi ciwon illa, a dakatar. Ta haye sama da gudunta.

"Kai, wa ya ce maka mutuwa za ka yi?"

"To me ya sa kika yi shiru?"

"Gyara halina nake!"

"Gyaran hali ne sai kin kashe ni da fargaba? Wallahi har likkafani na sa a yi min tambayar kuɗinsa!"

"Kai da ka fi ni lafiya! Kawo alewar nan!"

Na ji kujera ta faɗi, na ji dariyarsa, wadda na daɗe ban ji ba. Na ce a raina shi ke nan, an fasa tafiya. Amma ba a fasa ba. Da ta tambaye shi ya ce maganarsa tana nan. Ya ce ko da faɗa ko da shiru, makulli dai yana haɓar zaninta, shi kuma yana kujera yana jiran a zo a juya shi.

Kwanakin da suka biyo baya rahoton Sista ya gajarce, tana karantawa kamar mai ciwon haƙori. Sai wata la'asar ta zauna ta daɗe ba ta buɗe littafin ba. Ta ce, "Yaya, yau na rubuta abin da ba na son karantawa." Amma ta karanta. Ta ce a asibiti babban abin kunya ga ma'aikaciya shi ne a sallami mai ciwon sukari bai iya yi wa kansa allura ba. Ta koya wa maza ba adadi, har da tsofaffi masu rawar hannu. Mijinta kaɗai ba ta koya wa ba. Kuma ta tambayi gado na biyu dalili, gado na biyu ta amsa: in ya iya, ni kuma me zan yi a duniya?

Ta rufe littafin ta ce, "In na koya masa, na buɗe masa ƙofa da hannuna. In ban koya masa ba, zai tafi a haka, ƙaninsa ya kashe min shi da ganganci, don wannan ko zaren allurar ɗinki bai iya sawa ba."

Addu'a kawai na yi mata. Ita ma ba shawara take nema ba.

Da safe na ga ta dawo daga kantin magani da leda, da lemon zaƙi guda biyu. Ta aiko in hau in taya ta zama, ta ce in ina wurin za ta ji kunyar yin masifa. Na hau. Falonsu tsaf, labule a ɗaure, tebur a goge. Ta zaunar da Direba ta ajiye masa lemo a gaba, ta ce shi ne majiyyacinsa. Matsalar ita ce idonsa ba ya ganin 'yan layukan da ke jikin sirinji. Don haka ta sayo masa wata irin allura mai kama da biro, wadda in ana murɗa gindinta take ƙas, ƙas, kowane ƙas awo ɗaya. Ya kara a kunne ya murɗa, fuskarsa ta washe.

"Au, ai giyar mota ce. Da kunne ake sa ta."

"To sa giyar. A hankali. Ba haka ba! Kawo..."

Hannunta ya riga ya tashi. Ta dube ni, ta dubi hannun, sai ta ɗaga cinyarta ta zauna a kansa, ta zauna a kan ɗayan ma. Direba ya soki lemon a karkace, allurar ta lanƙwashe. Ta ciji leɓe har na ga shaida. Ya sake, ya zubar da rabin maganin a tebur.

"Sista, majiyyacin nan nawa ya mutu fa."

"Ɗauki ɗayan. Shi ya sa na sayo biyu."

Ranar da ya fara yi a cikinsa gumi ya jiƙe masa riga, ita kuma tana zaune a kan hannayenta tana karanto duk addu'ar da ta iya. Ya zare allurar ya dube ta kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Ta ce, "Ba laifi." A bakin Sista wannan babban yabo ne. Da la'asar ta rubuta cewa gado na biyu ta tsoma baki sau da yawa, amma hannu bai taɓa ba.

Ƙarshen wata ƙanin Direba ya iso da hantsi a wata tsohuwar mota, mutum mai ƙiba da surutu. Tun daga ƙofa yake kira, "Ina matarmu? An ce kin mayar min da yaya fursuna, na zo beli!"

"Ka zo dai ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka," in ji Sista tana saukowa da 'yar kula mai ƙanƙara a ciki da magungunan.

Ya miƙa hannu zai karɓa. "Kawo, matarmu, gaya min sau nawa ake ɗura masa."

Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya gaban mijinta ta sa masa kular a hannu. Ta kwance makullin kabad daga haɓar zani ta ɗora a kai, ko da yake kabad ɗin ba komai a cikinsa yanzu. Ta ce, "Ka riƙa duba ƙafarka kullum. In ba ka gani, ka shafa da hannu." Ta buɗe baki za ta ƙara, ta rufe. Direba ya tsaya riƙe da kula, ya dube ta ya dubi motar. Na ɗauka zai ce a sauke jakarsa. Bai ce ba. Ya ce, "Ki ci abinci, Sista," ya shiga mota suka tafi.

Ba ta fasa saukowa ba. Gado na ɗaya ba kowa, in ji rahoton, gado na biyu ta yi kuka, ta ci abinci kaɗan. Wata rana ta rubuta cewa ta dafa shinkafar mutum biyu da mantuwa. Wata rana ta rubuta cewa hantsi ya yi, ƙafa ta yi ƙaiƙayi, sai ta fita ta zaga layi ta auna wa tsofaffi hawan jini, ta dawo da sauƙin rai. Akwai ranar da ba ta rubuta komai ba sai cewa yau ba ci gaba, kuma ta ce wannan ma rahoto ne. Yakan kira ta a waya muna zaune. Ina kallonta tana murɗa bakin mayafi, tambayar awon sukari tana bakinta, sai ta ce, "Ya shago? Ana ciniki?" Shi kuma ya ja ta da labarin ƙaninsa da masu saye, sai can a ƙarshe, kamar abin da ya tuna, ya faɗi awon da kansa.

Na tambaye ta ko ta ce masa ya dawo. Ta ce, "Na gaya masa sau ɗaya, a fili, cewa gidan ba daɗi ba shi. Ban maimaita ba. In na maimaita ya zama umarni."

Bai cika wata biyu ba, wata safiya na ji an tsayar da tasi a ƙofa. Direba ne da jakarsa da kularsa. Ya gaishe ni, ya ce shagon ƙaninsa ba wurin zama ba ne, an ajiye shi a kujera kamar hoton bango, ba a barinsa ya ɗaga ko ƙusa. Ya ce matar ƙaninsa kuma gishiri take zubawa kamar da gayya. Ya kawo dalilai da yawa, ban ji ya kawo na gaskiyar ba, ni ma ban tambaya ba. Ya hau matakala yana dafa bango. Na ji an buɗe ƙofa, sannan muryar Sista.

"Ka rame."

"Ke ma."

"Cire takalmi in ga ƙafar."

"Sista."

"To, in ka ga dama."

Ba zan ce sun daina faɗa ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Jiya ma na ji ana musu a kan tagar da za a buɗe. Amma magani yana aljihun tebur ta ɓangarensa, famfon kicin shi ya gyara, ko da yake har yanzu yana ɗan ɗiga in an matsa shi da yawa. Tasha kuwa yana zuwa, ya ce wa mai shayi rabin cokali.

Shekaranjiya da safe na hau mayar musu da tukunyar da na ara. Na tarar Direba a bakin tebur ya ɗaga riga, allura a kunne yana murɗawa yana ƙirga da leɓe. Sista ta juya masa baya, tana goge butar shayi ta ƙarfe, tana ta gogewa a wuri ɗaya, ta ɗan karkata butar ta yadda hoton tebur ya fito a jikinta kamar madubi.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Sista, ina jin idonki a cikina. Butar nan ta gogu."

"Ni ina ruwana da kai? Aikina nake."

"To nawa na sa?"

Ta juyo. "Daidai ka sa."

Ya yi allurarsa, ya sauke riga, ya miƙo kofi. Ta zuba masa, ta zuba min, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.